Satumba, Oktoba ko Nuwamba: Yadda Ake Zaɓen Watan Fita Waje Tsakanin Aljihu da Yanayi

Duk wanda ya tambayi ejan ɗin tafiye-tafiye wane wata ne ya fi sauƙi a cikin watannin kaka, yawanci amsar da zai ji ita ce Nuwamba. Rabin wannan amsa gaskiya ce, domin ta dace da mai zuwa Landan ko Istanbul. Amma mai zuwa Dubai ko Makka idan ya bi ta zai biya fiye da abin da ya shirya. Watanni ukun nan, Satumba da Oktoba da Nuwamba, ba sa tafiya hanya ɗaya a kowace ƙasa, don haka zaɓen wata aiki ne na takarda da biro, kuma ana yinsa mataki-mataki.

Mataki na farko: ƙasar zafi za ka ko ta sanyi?

Wannan ne tushen lissafin duka. A ƙasashen zafi, wato Saudiyya, Daular Larabawa, Katar da Masar, rana tana sassautawa daga Satumba zuwa Nuwamba, baƙi suna ƙaruwa, kuɗin masauki yana hawa. A ƙasashen sanyi, wato Ingila, Jamus, Faransa, Turkiyya da arewacin Amurka, akasin haka ne: rana tana gajarta, ruwa da iska suna shigowa, 'yan yawon buɗe ido suna watsewa, farashi yana sauka. A wuraren biyu, watan da ya fi araha shi ne watan da yanayi ya fi wahala. Abin da za ka yanke shi ne yawan wahalar da jikinka da aikinka za su iya ɗauka, da kuma nawa za ka biya don ka rage ta.

Ga ƙiyasin zafin tsakar rana a ma'aunin Salshiyos, don ka ga yadda abin yake gangarowa. Makka kusan digiri 42 a Satumba, 40 a Oktoba, 35 a Nuwamba. Madina tana farawa kusan daidai da Makka amma ta fi saurin hucewa, a Nuwamba tana wajen 30, asubarta kuma har da ɗan sanyi. Dubai wajen 39, 35, 30. Alƙahira 33, 30, 25. Istanbul 25, 20, 15. Landan 19, 15, 11. Gwanzu ta kudancin Sin 32, 29, 24.

Kada ka tsaya a kan lambar kawai. Mutumin Sakkwato ko Agadas zai ga 39 ya ce ai mun saba, amma zafin Dubai da Jidda na Satumba zafi ne mai laima, na bakin teku. Kana fitowa daga cikin na'urar sanyaya ɗaki gilashin idonka zai yi dishi-dishi da tururi, kafin ka tsallaka titi riga ta manne a bayanka, gumin kuma ba ya bushewa. Ba irin busasshen zafin bazarar gida ba ne da ake samun sauƙinsa a inuwar bishiya. Haka nan 11 na Landan ba 11 ɗin asubar hunturun Jos ba ne da rana ke korewa da hantsi. Wannan yana yini, da yayyafi da iska.

Mataki na biyu: rubuta abin da za ka je yi, da wanda za ka tafi da shi

Awa nawa za ka yi a waje kowace rana? Wanda zai je taro a cikin otal ko ganin likita, daga mota zuwa gini, yanayi bai cika shafarsa ba, sai ya bi araha. Wanda zai yi ɗawafi da sa'ayi da ziyara, ko zai yini yana zaga kasuwa yana saro kaya, yanayi shi ne rabin tafiyarsa.

Sai abokan tafiya. Idan da Hajiya ko Baba za ka tafi, ko da mai hawan jini, mai ciwon suga, mai juna biyu ko ƙananan yara, a ra'ayina ka cire Satumba daga lissafin ƙasashen Larabawa tun kafin ka duba farashi. Na san mutane da yawa suna so su kai iyayensu Umara kuma kuɗin bai kai ba, sai arahar Satumba ta ja su. Gara a rage kwanaki, a yi goma a madadin sha huɗu, a tafi a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, da a kai dattijo inda zai yini kwance a ɗaki yana jin kiran salla ba ya iya fita.

Mataki na uku: buɗe kalandar ƙasar da za ka

A nan ne yawancin mutane suke asara, domin wata guda yana ɗauke da mako mai araha da mako mai tsada ƙwarai. Don haka ka daina tunanin wata, ka koma tunanin mako.

Gwanzu ce ta fi kowa nuna wannan. Daga 1 zuwa 7 ga Oktoba hutun ranar ƙasa ne a Sin. Masana'antu da yawa suna rufewa, jiragen ƙasa suna cika, masu kamfanin da kake so ka gani sun tafi garuruwansu. Wanda ya sauka a wannan makon ya biya otal ne kawai yana jira. Bayan nan sai babban baje kolin Kanton a unguwar Pazhou, wanda ake yi a kashi uku: kusan 15 zuwa 19 ga Oktoba, 23 zuwa 27, sai 31 ga Oktoba zuwa 4 ga Nuwamba. Kashin farko na kayan lantarki da injina ne, na biyu na kayan gida da na kyaututtuka, na uku na yadi, sutura, takalma da kayan asibiti. A cikin waɗannan makonni uku kuɗin otal a birnin yana tashi sosai, kujerun jirgi daga Adis Ababa da Doha da Alƙahira suna ƙarewa da wuri. Idan kana neman masana'antar da za ka ƙulla hulɗa da ita kai tsaye, tsadar ta cancanta, sai ka zaɓi kashin da ya shafi kayanka kawai. Amma idan kasuwannin Xiaobei da Sanyuanli za ka je ka saro kamar yadda ka saba, babu dalilin da zai sa ka biya kuɗin baje kolin da ba za ka shiga ba. Ka jira mako na biyu na Nuwamba: otal ya sauka, sama ta washe, zafi ya tafi. Satumba kuwa lokacin guguwar teku ne a wannan yanki. Guguwar Mangkhut ta afka wa lardin Gwandon, inda Gwanzu take, a Satumbar 2018, Ragasa kuma a Satumbar 2025, kuma duk lokutan biyu an soke tashin jirage da dama.

Ɗan kasuwa yana da ƙarin lissafi a nan. Kwantena daga kudancin Sin zuwa Legas tana cin wata ɗaya da rabi zuwa biyu idan aka haɗa da fitarwa daga tashar ruwa, kafin ma ta kamo hanyar Kano. Azumin 2027 zai kama a farkon Fabrairu, sabuwar shekarar Sin ma a farkon Fabrairun, kuma masana'antu sukan fara sallamar ma'aikata makonni kafin nan. Wanda yake so kayansa su riski kasuwar azumi da Sallah a Kantin Kwari, farkon Nuwamba ya fi masa ƙarshensa, ko da tikitin ƙarshen watan ya ɗan fi sauƙi.

Indiya ma tana da nata tarkon, kuma ya shafi marasa lafiya. A takarda Nuwambar Delhi tana da daɗi, babu ruwa, babu zafi. Amma a watan ne hayaƙi yake rufe birnin, saboda ƙona karan shinkafa a gonakin Punjab da Haryana, da wasan wuta na bikin Diwali wanda ke faɗowa tsakanin tsakiyar Oktoba da tsakiyar Nuwamba, ga iska ta tsaya cik. Har rufe makarantun firamare aka yi a Nuwambar 2023 da ta 2024 saboda wannan. Mai asma ko ciwon zuciya, idan likita ya ba da damar zaɓen lokaci, ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba ya fi masa a Delhi. Chennai ta kudu kuma daminarta ta gaske daga Oktoba zuwa Disamba take, da ambaliya a wasu shekarun kamar 2015, don haka can Satumba ce ta fi. Idan ciwon ba ya jira, wannan lissafin duka a ajiye shi, a bi ranar da likita ya bayar.

Sauran wurare a taƙaice. Birnin New York yana tsada a rabin Satumba na biyu saboda babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya, jiragen cikin Amurka kuma suna tsada a makon bikin godiya, Alhamis ta huɗu ta Nuwamba. Munich ta Jamus tana cika daga tsakiyar Satumba zuwa farkon Oktoba. Makarantun Ingila suna hutun rabin zango a ƙarshen Oktoba, kuma iyalai da yawa a makon suke kwarara Dubai da Turkiyya da Masar, sai farashin can ya motsa. Dubai kanta tana cika da manyan baje koli daga Oktoba zuwa farkon Disamba, don haka ka duba jadawalin cibiyar kasuwancinta kafin ka tsayar da rana.

Mataki na huɗu, ga mai Umara: haɗa da kalandar Musulunci

Farashin Makka da Madina kalanda biyu yake bi. Rabi'ul Awwal yana jawo maziyarta da yawa, musamman Madina, kuma watan yana matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara. A 2025 Mauludi ya faɗo a makon farko na Satumba, a 2026 kuma a ƙarshen Agusta. Ma'ana a 'yan shekarun nan cunkoson Mauludi yana ficewa daga kaka, ya bar Rabi'us Sani da Jimada Ula a tsakiyarta, watannin da ba su da wani taro na musamman. Daga ɗaya ɓangaren kuma hutun Disamba da Rajab suna tahowa, kuma tun ƙarshen Nuwamba ake fara jin hucinsu a kuɗin otal. Makarantun Saudiyya ma sukan sami ɗan hutu a Nuwamba, mutanen Riyad da Dammam su zo da iyalansu.

Saboda haka ni na fi karkata ga tsakiyar Oktoba zuwa kusan 10 ga Nuwamba. Rana tana nan da ƙarfinta, amma asuba da bayan isha'i sun yi daɗi, kuma farashin ƙarshen shekara bai iso ba. Matashi mai ƙarfi da kuɗinsa ya yi kaɗan zai iya ɗaukar Satumba, da sharaɗin ya juya yininsa: ɗawafi bayan isha'i ko kafin asuba, barci da hantsi, ya tafi masallaci da wuri kafin azahar ya zauna a ciki har la'asar. Farin dutsen filin ɗawafi ba ya ɗaukar zafi sosai, wahalar tana kan hanya ne, tsakanin otal da ƙofar Harami, inda kwalta ke mayar da zafi ta ƙasa, namiji mai harami kuma kansa a buɗe yake. Ƙaramar laima da gorar ruwa ba ado ba ne a wannan watan. Nuwamba kuma watan ruwa ne a yankin Makka da Jidda. Ba kullum ba, amma idan ya zo yakan zo da ƙarfi, kamar ambaliyar Jidda ta Nuwambar 2009 da ta 2022, don haka kada ka sa dawowarka filin jirgi a ƙurarren lokaci.

Mataki na biyar: mayar da yanayi kuɗi

Ɗauko takarda ka ja layi uku, kowane wata da nasa. A ƙarƙashin kowanne ka rubuta tikiti, masauki, biza, abinci, zirga-zirga, sannan ka ƙara layi ɗaya da mutane suke mantawa: abin da yanayin watan zai tilasta maka ka kashe.

A ƙasar zafi wannan layin ya ƙunshi tasi a inda da ka taka da ƙafa, ruwan sha, da otal na kusa. A Makka bambancin otal na Ajyad ko farkon titin Ibrahimul Khalil da na can cikin Misfala ko Aziziyya babba ne. A Nuwamba za ka iya ɗaukar na nesa kaɗan ka taka minti goma sha biyar sau biyar a rana. A Satumba wannan takun zai kayar da kai a kwana na uku. Don haka kwatancin gaskiya shi ne otal na kusa a farashin Satumba da otal na ɗan nesa a farashin Nuwamba, kuma sau da yawa idan aka yi haka ratar da aka gani da farko takan ragu sosai.

A ƙasar sanyi layin ya ƙunshi rigar sanyi ta gaske, rufaffen takalmi mai hana ruwa, safa da hula, na kowane mutum a cikin tafiyar. Iyali mai mutum biyar, wannan kaɗai yana iya cinye rangwamen tikitin. Ana rage shi da sayen gwanjo mai kyau tun daga gida ko aro wajen wanda ya taɓa zuwa. Sai kuma hasken rana, wanda shi ma kuɗi ne. Ingila da yawancin ƙasashen Turai suna mayar da agogo baya da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Zuwa ƙarshen Nuwamba rana tana faɗuwa a Landan wajen ƙarfe huɗu na yamma. Azahar kafin sha biyu, la'asar kafin biyu, magariba huɗu: salloli uku a cikin awa huɗu da 'yan mintuna, kuma kana kan titi ko cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya je ganin gari, abin da zai gani a kwana biyar a Satumba sai ya buƙaci bakwai a Nuwamba, kwana biyun nan kuma otal ne da abinci. Wanda ya je ziyarar 'yan uwa zai sauka a gidansu, Nuwamba ta dace da shi sarai, domin tikiti ne babban kuɗinsa.

Istanbul tana tsakiya. Satumba tana da daɗi amma har yanzu da ragowar cunkoson bazararsu da tsadarta. Oktoba rigar sanyi marar nauyi ta isa, kuma zaga kasuwannin Laleli da Osmanbey da Merter da ƙafa ba ya gajiyarwa. Nuwamba ta fi araha, sai dai ruwa ya yawaita, kuma shaguna da yawa sun koma kayan sanyi, abin da mai saro dogayen riguna marasa nauyi don kasuwar gida ya kamata ta tambaya kafin ta taso. Turkiyya ba ta canza agogo tun 2016, don haka magaribarta ba ta yin wuri irin ta Landan.

Mataki na shida: duba tikiti ta fuskar inda kake tashi

Farashin jirgi yana bin cunkoson hanyar, ba yanayin can kawai ba. Daga Abuja da Legas zuwa Landan, ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Satumba lokacin tafiyar ɗalibai ne, kujeru masu sauƙi suna ƙarewa da wuri. Daga mako na biyu na Oktoba abin yake lafawa. Ta ɓangaren dawowa kuma, daga kusan 10 ga Disamba jiragen da ke shigowa Najeriya da Gana suna cika da masu zuwa hutun ƙarshen shekara. Wanda ya tafi a ƙarshen Nuwamba da niyyar yin mako uku, dawowarsa za ta faɗa cikin wannan tsadar, kuma ita za ta ɗaga tikitin gaba ɗaya. Ka tashi kwana goma kafin nan, sai ka ga bambanci.

Buɗe shafin duba farashin tikiti na Google Flights ko Skyscanner ka zaɓi kallon farashin wata guda gaba ɗaya, ka gwada tashi daga Kano, ka gwada daga Abuja, mutumin Maraɗi ko Damagaram ya gwada Yamai da Kano duka. Ethiopian, EgyptAir da Qatar Airways suna sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, kuma idan ka haɗa kuɗin zuwa Abuja da kwana a can, tikitin Kano da ya ɗan fi tsada yakan zama shi ne mai sauƙin. Tsakiyar mako yakan fi Juma'a da Lahadi sauƙi. Da wannan farashin a hannunka sai ka je wajen ejan, ka tambaye shi abu uku ƙarara: jaka nawa kuma kilo nawa, nawa ne canjin rana, kuma awa nawa ne jiran canjin jirgi. Tikiti mafi araha da jaka ɗaya ba shi da amfani ga ɗan kasuwa, kuma tikitin da ba a canza masa rana haɗari ne ga wanda bizarsa ba ta fito ba.

Mataki na bakwai: yanayin gida ma yana cikin lissafi

A Satumba hadarin ƙarshen damina yakan jinkirta jiragen yamma. Daga ƙarshen Nuwamba kuma hazo ya fara sauka a Kano, Kaduna, Maiduguri, Sakkwato da Yamai, jirgin cikin gida ya yi ta jira ko a soke shi. Idan za ka kama babban jirginka a Abuja ko Legas, kuma tikitin cikin gida daban ka saya, kamfanin waje ba ruwansa da hazon garinku, idan ka makara ka rasa kujera. A waɗannan makonni ka isa garin tashi kwana ɗaya kafin ranar. Oktoba ce ta fi tsira daga matsalolin biyu.

Mataki na takwas: ƙirga baya daga ranar tafiya

Watan da ka zaɓa sai biza ta amince da shi. Bizar ziyara ta Ingila ana iya nema wata uku kafin tafiya, kuma yawanci tana ɗaukar mako uku bayan an ɗauki hoton yatsu. Ta ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya, ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, ƙa'idarta kwana 15 amma tana iya kaiwa 45, kuma samun ranar ganawa shi kansa yakan ɗauki makonni, musamman a Agusta da Satumba da ɗalibai suka cika layi. Suna kuma neman inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Mai son tafiya Turai a tsakiyar Oktoba ya fara shiri tun Yuli. Idan Satumba ta riga ta shiga ba ka fara ba, ka ɗauka Nuwamba ce watanka, ka shirya mata kayan sanyi.

Ka duba fasfo ya rage masa aƙalla wata shida daga ranar tafiya. Ka nemo katin rigakafin shawara, mai Umara kuma ya ƙara da allurar sanƙarau, a yi ta aƙalla kwana goma kafin tashi. Izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk ake nema, kuma guraben suna cika da sauri idan jama'a sun yi yawa, don haka da biza ta fito ka nemi naka kafin ka tsayar da kwanakin Madina. Masauki ka kama wanda ake iya sokewa kyauta, ko da ya ɗan fi tsada, sai biza ta shigo hannu ka koma ka sake duba farashi. Kuɗin guzuri kuma ka riƙa canzawa kaɗan-kaɗan a makonnin shiri, kada ka bar shi duka zuwa jajibirin tafiya ka sayi dala ko riyal a duk farashin da ka tarar a ranar.